Abincin da Innarki Ba Ta Ci Ba a Sakkwato

Zuwa ga ɗiyata Saratu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina roƙon Allah Ya kai ki Sakkwato lafiya, Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya haɗa ki da mutanen kirki a makarantar jinyar da za ki shiga. Na sa wannan takarda a ƙasan akwatinki, ƙarƙashin zannuwa, don kada ki gan ta sai kin sauka. Abin da ke cikinta ba zan iya faɗa miki ina kallon idonki ba.

Shekaranjiya kina ɗaure kaya kika ce mini, "Baba, ka rubuta mini sunan gidan abincin nan da ka kai Inna, in na samu hutu in je in gani da idona." Na ce miki na manta sunan. Ba mantawa na yi ba, Saratu. Babu sunan ne. Tun kina 'yar shekara shida kike jin labarin teburi mai farin ƙyalle, da kaza guda a faranti, da lemo mai ƙanƙara, da ma'aikacin da ya ja wa Innarki kujera. Ko ɗaya bai faru ba. Zan gaya miki abin da ya faru, don kurakuran da na tafka daga la'asar zuwa bayan isha'i na rana guda sun ishe ki darasi, kuma gara ki ji su daga wurina.

Shekarar da idon Innarki na dama ya fara yi mata hazo muka shiga Sakkwato ganin likita. A lokacin ni ne shugaban makarantar firamaren garinmu. Ni ake kawo wa takarda in karanta, ni ake tambaya abin da rediyo yake nufi. Na saba da zama wanda ya sani, har na manta yadda ake zama wanda bai sani ba. Muka sauka a Ƙofar Taramniya, gidan Malam Tukur, abokina da muka yi koyarwa tare a ƙauye kafin ya koma birni.

Innarki ta yi kwana uku ba ta barci don tsoron za a ce sai an yi mata aiki. Likita ya duba, ya ɗiga mata magani, ya ce ba sai an kai ga wuƙa ba. Ya ba ta ƙwayoyi, ya ja kunnenmu cewa kada ta sha sai ta ci abinci. Da muka fito sai ga ta tana dariya kamar yarinya. Bayan la'asar muka je ziyara Hubbare, ta yi addu'o'inta har ta gaji. A hanyar komawa ta rage murya ta ce:

"Malam, in roƙe ka wani abu?"

Na ce, "Mi kike so, Kulu?"

Ta ce, "Tun da aka kawo ni gidanka, in ba na biki ko suna ba, ban taɓa cin abincin da ban san tukunyarsa ba. Ina son yau ɗaya tak in zauna, a kawo mini, in ci, in tashi ban wanke kwano ba."

Ba ta taɓa roƙona zane ba, ba ta taɓa roƙona ɗankunne ba. Wannan ne roƙonta na farko. Na ce mata, "Wanga ai ƙaramin abu ne. Yau sai kin zaɓi abin da kike so."

Da muka isa masauki na sanar da Malam Tukur, ina wani ɗaga kafaɗa. Ya yi murna, ya leƙa cikin gida ya gaya wa matarsa Hajiya Balki kada ta ajiye mana tuwo. Sannan ya ce, "Akwai wuri biyu da nake kai baƙina, masu tsabta, kuma mata na shiga. Bari in raka ku, ko in kwatanta maka."

Na ce, "Haba Tukur, Sakkwato ce ban sani ba?"

Abin da na sani a Sakkwato shi ne tasha, da ofishin ilimi, da kasuwa, da wata mai masa da ke bayan ofishin, wadda nake cin masarta a tsaye duk ranar da na shigo. Ban taɓa taka ƙafata cikin gidan abinci mai kujeru ba. Da na buɗe baki na ce wa abokina "kwatanta mini", da wannan takarda ba ta zama dole ba.

Don haka, ɗiyata, in kin shiga garin da ba naki ba, ki tambayi 'yan garin. Ki tambayi matar da ke share ɗakin kwananku, ki tambayi ɗalibar da ta riga ki zuwa. Ki ce musu, ina ake cin abinci mai kyau, ina mace za ta zauna hankalinta kwance? Wanda aka tambaya daɗi yake ji, ba ya raina mai tambaya. Ni ne kawai na ɗauka tambaya tana rage wa mutum tsawo.

Bayan sallar magariba muka tari keke mai ƙafa uku, na ce a kai mu babban titin da fitilu suka fi yawa. Na hango wani wuri mai ƙofar gilashi, motoci jere a gabansa, na ce a tsaya. Hasken yana damun Innarki saboda maganin da aka ɗiga mata, tana kare ido da hannu, amma tana murmushi, tana gyara hijabinta. Na matsa kusa na leƙa. Na ga tebura da fararen ƙyallaye, kowanne da cokali da wuƙa da cokali mai yatsu. Na ga ma'aikaci ya miƙa wa wani mutum doguwar takarda, mutumin ya duba ya nuna wani abu da yatsa kamar ba komai ba. Na iya Turancin aji, amma ban san sunan abinci ko ɗaya a irin wannan takarda ba. Na ga kaina riƙe da ita, ma'aikaci tsaye a kaina yana jira, Kulu tana kallona. Ba rashin abin biya ya hana ni ba, ki san wannan. Tsoro ne tsagwaronsa.

Maigadin wurin, wani dattijo mai furfura, ya tashi daga bencinsa ya ce, "Bismillah Alhaji, ku shigo. Akwai wurin iyali daga ciki."

Maimakon in amsa masa, sai na juya wajen Innarki na ce, da ƙarfin da zai ji, "Mu tafi. Irin waɗanga wurare ba a san wa ke yanka musu nama ba."

Dattijon ya ce, "Subhanallahi! Alhaji, namanmu daga mayankar gari ake kawo shi. Ni kaina nan nake ci."

Ban waiwaya ba. Har yau ina jin muryarsa. Mutum ya yi mini maraba, na saka masa da ƙazafi, na kuma lulluɓe tsorona da rigar addini don kada matata ta gane.

Saratu, za ki shiga wuraren da ba ki saba ba. Za a miƙa miki takardar da ba ki gane ba, a asibiti ko a gidan abinci ko a ofis. Ki ɗaga kai ki ce, "Ban san wannan ba, mene ne?" Kalmomi ne 'yan kaɗan, ba sa kashe kowa. Kuma in tsoro ya hana ki shiga wani wuri, ki kira shi tsoro. Kada ki ɗora laifin a kan mutanen wurin, kada ki ce ƙazamai ne ko marasa addini alhali ba ki gani ba. Wannan nauyi ne da mutum zai tarar a gaban Allah, kuma ni ban san inda zan samu dattijon nan in nemi gafararsa ba.

Muka bi gefen titi a ƙasa. Na ce mata akwai wani wuri a gaba wanda ya fi wannan, alhali ban san kome a gaba ba. Muka wuce wani da samari suka cika suna kallon ƙwallo suna ihu, na ji sanyi a raina don wannan kam ba sai na ƙirƙiro dalili ba. Muka yi ta tafiya. Takalminta ya fara cin ƙafarta, fitilun motoci suna dukan idonta, sau biyu tana tuntuɓe. Ban riƙe hannunta ba, don kada a gani. Daga ƙarshe muka sake shiga keke, ina ta inda-inda ban san inda zan ce a nufa ba. Sai Innarki, wadda ba ta cika yi wa baƙon namiji magana ba, ta ce:

"Malam mai keke, don Allah ina mata ke cin abinci a garin nan?"

Ya ce, "Hajiya, akwai wata mata wajen Ƙofar Marke. Tuwonta ba ya kwana."

Ya kai mu. Wuri ne madaidaici, an share shi tas, an yayyafa ruwa. Benci biyu na maza a waje ƙarƙashin rumfa, daga ciki kuma labule da tabarmi inda mata ke zama. Ƙamshin miyar taushe da man shanu ya tare mu tun daga bakin hanya. Mai wurin, wata mace mai jiki da fara'a, ta fito ta kama hannun Innarki ta ce, "Maraba da baƙi, shigo ki huta, kin sha tafiya." Innarki ta waiwayo ta dube ni ta ce, "Malam, nan ya yi. Wallahi nan ya fi can." Ta cire takalmi ta zauna. Aka kawo mata buta da roba ta wanke hannu. Ina tsaye ina ganin mai wurin ta ɗauko malmalar tuwon shinkafa tana zuba miya, tana tsamo nama.

A nan ne idona ya faɗa kan mutumin da ke ƙarshen benci. Mamman mai taki ne, ɗan garinmu, wanda kika sani, ya ba mu baya yana cin tuwonsa. Sai na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Na fara jin abin da za a ce a majalisar ƙofar masallaci: shugaban makaranta ya ja matarsa cin tuwon kan titi, gidansa babu tukunya ne? Na ɗaga labulen na ce, "Kulu, tashi mu tafi."

Ta ɗago kai, hannunta na ɗigar ruwa. Mai wurin ta ce, "Alhaji, ga shi an zuba."

Na ce, "Ba irin wurinmu ba ne."

Innarki ta sa takalminta ta biyo ni. Da muka yi nisa ta ce a hankali, "Malam, mi ya faru?" Da na gaya mata gaskiya, na tabbata da ta yi dariya ta ce bari ta gaishe da Mamman. Amma kunyar da nake ji ta riga ta koma fushi, kuma babu wanda ke kusa sai ita. Na daka mata tsawa a bakin titi na ce, "Ke kika jawo mana wanga yawo! Mace da kwaɗayi, sai ka ce ba a ba ki abinci a gida!"

Ta goge hannunta da gefen hijabi. Mamman kuwa bai ko waiwayo ba. Har yau bai san mun zo wurin ba.

Ki yi hattara da idon mutane, ɗiyata. Akwai kunyar da ke hana mutum aikata mugun abu, wannan ki riƙe ta da hannu biyu. Akwai kuma wadda ke hana shi aikata abin da babu laifi a cikinsa, don kawai kada a yi magana. Wannan ta biyun ita ta mulke ni shekaru, kuma ba ta taɓa hana ni zalunci ba, sai dai ta hana ni kyautatawa. In wuri yana da tsabta, abincinsa da zafi, mutanensa da mutunci, ki zauna ki ci, ko wa ya gan ki. In kuma ranki ya ɓaci da kanki, ki rufe bakinki har ya huce, don wanda ke kusa da ke a wannan lokacin yawanci shi ne wanda ya fi ƙaunarki.

Yanzu na zo wurin da ya fi yi mini wuyar rubutawa. Na ajiye biron nan sau biyu kafin in ci gaba.

Muka koma Ƙofar Taramniya ana fitowa daga sallar isha'i. Malam Tukur yana zaure, an kawo masa kwanon tuwo. Ya ce, "A'a, 'yan birni sun dawo! Ya abinci?" Innarki na tsaye a bayana. Na ce, "Sai godiya. Mun ci har mun bari." Ta dube ni sau ɗaya, ta wuce cikin gida. Na yi salla, na dawo zaure. Malam Tukur ya turo kwano ya ce, "Ko loma biyu ka taya ni, ba na son ci ni kaɗai." Na ce to, don kada ya ji ba daɗi. Saratu, ba loma biyu na yi ba. Na ci har na suɗe hannu. Ban aika a tambaya ko Innarki ta samu abin sa wa a baki ba. Na gaya wa kaina ai tana cikin mata, ba za a rasa ba.

Da safe muna sallama Hajiya Balki ta rako Innarki zaure tana tsokanarta. Ta ce mini, "Malam Sahabi, ka ɓata mana baƙuwa. Jiya na yi, na yi, ko miya ta ƙi taɓawa, ta ce an cika ta da kaza. Ta sha maganinta, sai ga ciki na murɗa mata har asuba. Na ce mata kazar birni ce ba ta karɓe ta ba." Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi.

Ta ƙi cin tuwon ne don kada ta ƙaryata ni a gidan abokina. Ta sha ƙwayar da likita ya hana a sha da yunwa, ta kwana tana juyi, ni kuwa na kwana da cikakken ciki.

Ban san irin nasihar da zan ɗora a kan wannan ba, don ban cancanci yin ta ba. Abin da zan ce kawai: ƙarya ba ta tsayawa a bakin wanda ya yi ta. Wani ne ke ɗaukar ta, kuma yawanci wanda bai iya tona maka asiri ba. Sannan duk wanda kika fita da shi, ƙawa ce ko mara lafiyar da aka ba ki ko mijin da Allah zai ba ki, kada ki kai loma bakinki sai kin san ya ci.

Da muka dawo gida mata suka cika tsakar gida yi mata barka da ido. Hajiya Balki 'yar uwar matar liman ce, ta riga ta buga mata waya, don haka labari ya riga mu isowa. Suka ce sai ta ba su labarin gidan abinci. Ina ɗakina ina ji. Sai ta fara: farin ƙyalle, kaza, lemo mai ƙanƙara, ma'aikaci mai jan kujera. Duk abin da ta hango ta gilashin nan da idonta mai ciwo, shi ta jera musu. Kina kan cinyarta kina cewa ta sake faɗa. Mata suna ta cewa Kulu ta yi dace da miji. Maza a majalisa suka ɗan tsokane ni kwana biyu, daga baya biyu daga cikinsu suka kai nasu matan. Abin da na wulaƙanta ta don kada a sani, shi ya zama abin da ake yabona da shi, kuma na karɓi yabon. Shekara goma sha biyu ina karɓa. Na sha shiga Sakkwato bayan nan, na sha cewa a raina wannan karon zan tafi da ita in gyara, amma gyaran yana bukatar in fara amsa laifi, sai in fasa.

Jiya da hantsi, kin tafi sallama da ƙawayenki, na same ta tana daka miki yaji. Na zauna a kan turmin da ke kife kusa da ita, abin da ban saba yi ba. Na ce, "Kulu, Saratu ta tambaye ni sunan gidan abincin nan."

Ba ta daina daka ba. Ta ce, "Mi ka ce mata?"

Na ce, "Na ce na manta." Sannan na gaya mata duka, tsoron takardar abinci, da Mamman, da tuwon Malam Tukur. Ina magana ina kallon ƙasa.

Ta jingine taɓarya ta ce, "Na tuwon ne kawai ban sani ba. Sauran na sani, tsoron kuwa tun a ƙofar farko na gane shi. Sau uku ka gyara hularka kana leƙen gilashi."

Na ce, "Mi ya hana ki faɗa?"

Ta ce, "Kai mi ya hana ka? Malam, ni ma ban iya cokalin nan ba. Da mun shiga mun yi ta shirmenmu tare, mu dawo muna dariya." Sannan ta ce, "Yunwar ta wuce tun da safe da na sha koko. Kwaɗayin nan da ka kira ni da shi ne bai wuce ba. Tun ranar ban sake roƙonka kome ba, ko ka lura?"

Ban lura ba, Saratu. Na ɗauka ba ta bukatar kome ne.

Na roƙe ta gafara, ta ce ta yafe, ta ɗauki taɓaryarta. Ta ce amma in gaya miki da kaina, don ta gaji da ba da labarin kazar da ba ta ci ba. Na tambaye ta ko har yanzu tana son zuwa. Ta ce in kin zauna kin san gari, kin tambayi mutane kin samu wurin da ya kwanta miki, ki kira ta, za ta shigo mota ta zo. Ban ji ta ce mu zo tare ba, ban kuma tambaya ba.

Allah Ya tsare mini ke a garin mutane, Ya kare ki daga sharrin hanya da sharrin baki. Allah Ya ba ki ilimi mai amfani da hannu mai sauƙi ga marasa lafiya, Ya ciyar da ke halal, Ya ba ki zuciyar Innarki. Ki riƙe sallarki a kan lokaci. Ki gaishe da Malam Tukur da Hajiya Balki, za su zo duba ki. In kin ga dama ki ba shi takardar nan ya karanta, shi ma yana da hakki a kaina. Allah Ya dawo mana da ke lafiya, amin.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Malam Sahabi